Baƙi ne ko 'yan leƙen asiri? Yadda za mu auna Turawan da suka fara ratsa ƙasarmu

Tambaya: Wani malamin tarihi a makarantar sakandare ya aiko yana cewa: "Ɗalibaina sun rabu biyu a kan Turawa irin su Mungo Park da Clapperton da Barth. Wasu sun ce jarumai ne masu neman ilimi, wasu sun ce 'yan leƙen asiri ne da suka share wa mulkin mallaka hanya. Wani abokin aikina kuma ya ce bai kamata mu auna mutanen da da mudun yau ba. Me zan gaya wa yaran?"

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri, ya kuma yi wa ɗaliban nan albarka, don ajin da ake irin wannan gardama aji ne mai rai. Sai dai ɓangarorin biyu sun yi tarayya a kuskure guda: sun zuba mutane da yawa cikin kwando ɗaya. Daga 1796, shekarar da Mungo Park ya tsaya bakin kogin Kwara a Segu, zuwa 1899, shekarar da sojan Faransa suka ƙone Birnin Ƙonni, shekara ɗari da uku ce. Waɗanda suka shigo cikin wannan tsakani ba halinsu ɗaya ba, ba aikensu ɗaya ba. Mudun da nake ganin ya dace mu auna su da shi namu ne na gida, wato haƙƙin baƙunci. Kusan kowane ɗayansu da sunan baƙo ya shigo. Sarki ya ba shi masauki, aka kai masa tuwo da rago, aka haɗa shi da jagora, aka ba shi takardar da za ta tsare shi a hanya. Don haka tambayar da za a yi wa kowannensu ita ce, me ya yi da amanar mai masaukinsa?

Kafin nan, a cire kalmar "ganowa" daga allon aji. Kogin Kwara bai taɓa ɓata ba. Sorkawa da Nufawa da mutanen Yawuri suna kamun kifi da fito a cikinsa tun kaka da kakanni. Hanyar da ta kawo Clapperton daga Tarabulus zuwa Barno ta ayari ce mai ɗaruruwan shekaru, kuma da ya isa kasuwar Kano a 1824 ya tarar da lema ƙirar Ingila ana sayarwa, ya saya. Kayan ƙasarsu sun riga shi zuwa a bayan raƙuman fatake. Abin da waɗannan mutane suka yi shi ne kwasar sanin da ke kan madugai da alhazai da malamai, su auna shi da na'ura, su zuba a taswira, su kai wa gwamnatocinsu. Aiki ne mai wuya, da yawansu sun mutu a kansa, amma jahilcin Turai suka yaye, mu dai mun san ƙasarmu.

Maganar abokin aikinka tana da ƙamshin gaskiya, don ba adalci ba ne a tuhumi mutum da abin da babu yadda za a yi ya sani. Amma wa ya ce mutanen da ba su da mudu? Kolumbas, wanda ake yawan kafa wannan hujja a kansa, sarakunan Sifen da suka aike shi ne wakilinsu ya kama shi a 1500, aka mayar da shi gida cikin mari saboda ƙorafin yadda yake mulkin tsibirin Hisfaniyola. A 1511 wani limamin Kirista, Montesinos, ya hau mumbari a tsibirin nan ya tambayi 'yan'uwansa Sifaniyawa da wane haƙƙi suke bautar da mutanen ƙasar. Stanley, da ya buɗe wa mutanen tsibirin Bumbire wuta a tafkin Biktoriya a 1875, ƙungiyoyin Ingila ne suka kai ƙararsa ga gwamnati. A kowane zamani akwai waɗanda suka ga zalunci suka kira shi da sunansa. Sannan idan an ce "mutanen zamaninsu", ai waɗanda aka harba su ma mutanen zamanin ne, kuma ba su ɗauki harbin a matsayin al'ada ba.

Mungo Park ya fi kowa suna a littattafan makaranta, kuma labarinsa ya fi nuna abin da nake nufi. A tafiyarsa ta farko ya isa Segu a tsiyace, sarki ya ƙi ganinsa, dare ya yi masa a gindin itace, wata mata da ke dawowa daga gona ta kai shi gidanta ta gasa masa kifi. Da ciwo ya kwantar da shi a Kamaliya, wani ɗan kasuwa, Karfa Taura, ya yi jinyarsa watanni, kuma cikin ayarin bayin mutumin nan ya koma bakin teku a 1797. Park ya rubuta duk wannan da godiya. Amma da ya dawo a 1805 da sojoji sama da talatin, wani mutum ne daban. Zazzaɓi da atini suka cinye kusan dukkansu, ya rage su biyar Turawa a Sansandin. Ya shiga kwalekwale ya yanke shawarar ba zai sauka ya gai da kowane sarki ba, ba zai biya kuɗin wucewa ba, duk wanda ya matso sai harsashi. Haka ya gangara fiye da mil dubu har ya halaka a duwatsun Busa. Shekara ashirin bayan haka wani ɗan ƙasarsu, Gordon Laing, da ya ga irin ƙiyayyar da abin ya bari a zukatan Buzaye, ya rubuta yana zargin Park da son kai, don ya nemi suna da jinin mutanen ƙasa. Barth ma, bayan kusan shekara hamsin, ya tarar da dattawan da ba su manta ba. Ka ga ba mu muka fara yanke masa hukunci ba. Jarumi ne, wannan ba a musu, kuma mutum ne da aka ciyar yana yunwa ya dawo ya harbi maƙwabtan waɗanda suka ciyar da shi.

Zancen Clapperton ya fi kusa da mu. Shi da Denham da likita Oudney sun isa Kukawa a 1823 wajen Shehu Laminu, wato Alkanemi. Oudney ya rasu kusa da Katagum, Clapperton ya wuce Kano, ya isa Sakkwato a watan Maris na 1824, Waziri Giɗaɗo ya sauke shi. Ina so ɗalibanka su san irin mutumin da ya tarar. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tambaye shi game da tsoffin ɗariƙun Kirista har Clapperton ya amsa cewa iliminsa bai kai nan ba. Ya san sunayen taurari, ya gane na'urorin da baƙon ya zo da su, ya kuma san abin da Ingilishi suka yi a Indiya. Ya fito masa da littattafan Denham, waɗanda aka tsinta bayan Denham ya bi wata runduna ta Larabawa da Barebari zuwa harin bayi wajen Mandara, aka fatattake su a wani garin Fulani. Ya tambaye shi me ya kai abokinsa cikin masu kai wa mutanensa hari. Duk da haka ya karrama shi, ya rubuta wa Sarkin Ingila wasiƙa, ya nemi a aiko da jakada da likita. Abin da ya hana shi kawai shi ne wucewa Yawuri da Nufe ya bi kogin.

Da Clapperton ya dawo ta Badagiri ya iso a 1826, ya tarar Sakkwato da Barno suna yaƙi, ga shi ɗauke da wasiƙa da kyaututtuka na Shehun Barno, har da kayan yaƙi. Bello ya riƙe su. Clapperton ya ɗauki wannan cin amana, ya rubuta da zafin rai, ya rasu a Sakkwato a Afrilun 1827. Amma wane sarki ne zai bari a ratsa ƙasarsa da makamai zuwa ga wanda yake yaƙarsa? A littafin tafiyarsa Clapperton ya faɗi cewa an shaida masa fargabar da ake yi: Ingilishi za su riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya har su yi ƙarfi su ƙwace ƙasar kamar yadda suka yi a Indiya. Ya ce ƙarya ce aka ƙulla masa, kuma na yarda da gaske yake, don a lokacin gwamnatinsa ciniki take nema da hana fataucin bayi ta teku. Shekara saba'in da shida bayan mutuwarsa, a Maris na 1903, sojan Ingila na Gwamna Lugga suka shiga Sakkwato. Masu fargabar sun fi baƙon fahimtar inda tafiyarsa ta dosa. Yaronsa, Richard Lander, shi ne ya bi kogin daga Busa har teku a 1830, kuma bayan shekara biyu jiragen ruwa masu tururi suka shigo ta wannan ƙofa.

Yanzu ga wanda ya fi wahalar hukunci, kuma wanda na fi daɗewa ina juya al'amarinsa a raina: Heinrich Barth, Bajamushe ɗan Hambug, wanda ya kira kansa Abdulkarim. Gwamnatin Ingila ce ta ɗauki nauyin tafiyar. Sun bar Tarabulus a 1850 su uku, Richardson ya mutu a 1851 kafin ya kai Kukawa, Overweg ya mutu a 1852 a bakin tafkin Cadi, Barth shi kaɗai ya koma a 1855. Ya ga Agadas, Katsina, Kano, Kukawa, Yola, Bagarmi, Damagaram, Wurno, Sakkwato, Gwandu, Sayi, Tambutu da Gawo. Ya zo da Larabcinsa, ya koyi Hausa da Barbarci da Fillanci da yaren Buzaye da na Sanwai. Inda waninsa ya ga daji da "ƙabilu", shi ya ga dauloli masu tarihi, ya zauna gaban malamai yana tambaya. A Kukawa ya kwafi jerin sarakunan Barno. A Gwandu a 1853 aka ara masa Tarihus Sudan ya kwafi abin da ya iya cikin 'yan kwanaki, ko da yake ya ɗauka na Ahmad Baba ne, alhali na Abdurrahman Assa'adi ne. Game da Kano ya ƙiyasta mazauna dubu 30, su ninka a lokacin cin kasuwa, ya kuma kimanta tufafin da ake saƙawa a rina da wuri miliyan 300 a shekara, ana kai su har Murzuk da Tarabulus da Tambutu. Littafinsa mai juzu'i biyar da ya fito a 1857 da 1858 ya zo a lokacin da manyan malaman Turai ke koyar da cewa Afirka ba ta da tarihi, ga shi ya dire musu tarihin a gabansu da shekaru da sunayen sarakuna. Duk mai nazarin ƙasar Hausa ta ƙarni na 19 yana cin moriyarsa har yau, ni ma haka.

Bai harbi kowa don ya buɗe wa kansa hanya ba. Da Lamiɗo Lawal ya kore shi daga Yola bayan 'yan kwanaki, fita ya yi. Da Sarkin Gwandu Halilu ya ƙi ganinsa, haƙura ya yi. Amma akwai tabo. A ƙarshen 1851 shi da Overweg suka bi rundunar Barno ƙarƙashin Waziri Alhaji Bashir zuwa ƙasar Musgu, harin bayi tsagwaronsa. Ya rubuta da idonsa ya ga an kashe maza 170 a wuri ɗaya, yawancinsu an sare musu ƙafa aka bar su jini ya ƙare, aka kora mata da yara dubbai zuwa Kukawa. Hujjarsa ita ce babu wata hanyar ganin wannan yanki, kuma gara duniya ta ji daga wanda ya gani. Masu yaƙi da bauta a Ingila ba su karɓi hujjar ba, sun soke shi tun yana raye. Ni ma ban karɓe ta duka ba, don ya ci abincin sansanin, ya yi tafiya ƙarƙashin tutarsa. Sai dai ba don rubutunsa ba, da mutanen Musgu 170 ɗin nan babu mai tuna su. Abu na biyu, a hanyar Tambutu ya ɓoye addininsa ya ce shi sharifi ne daga Sham, har mutane suna neman addu'arsa. Tsoron rai ne ya sa, amma yaudara ce.

Abin da ya faru a Tambutu ya kamata kowane ɗalibi ya sani. Da asiri ya tonu, Sarkin Masina ya aiko daga Hamdallahi a kama shi ko a kore shi. Shehu Ahmad Albakka'i na Kunta ya tsaya ya ce wannan baƙona ne, ya rubuta hujjoji na shari'a a kan haramcin taɓa wanda aka bai wa amana, ya fitar da shi sansaninsa na bayan gari, ya tsare shi watanni, daga bisani ya raka shi da kansa har wajen Gawo. A lokacin Faransawa suna matsowa daga Aljeriya, Shehun kuma yana fatan abota da Ingila za ta zama masa garkuwa. Daga baya ya aika da wakilai har Tarabulus, aka mayar da su ba tare da sun ga Landan ba, don Ingila ba ta son ɓata wa Faransa rai. Abin ya ci wa Barth rai ƙwarai. Shi bai ci amanar Shehun ba, amma waɗanda suka aiko shi sun ci, kuma da sunansu ya yi alkawari.

To ina laifinsa a mulkin mallaka? Ga yadda nake kallonsa. Takardun da ya karɓa daga Shehu Umar na Barno da Sarkin Musulmi Aliyu Babba na ciniki ne da tsaron 'yan kasuwa, ba na miƙa ƙasa ba. Ya mutu a 1865, kusan shekara ashirin kafin taron Barlin, inda Turawa suka tsara yadda za su raba Afirka. Addininmu ya koya mana cewa wani ba ya ɗaukar laifin wani, don haka ba za a rataya masa jinin Burmi, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ba. Amma addinin nan ya koya mana cewa wanda ya buɗe hanya yana da rabo a abin da aka bi ta aka aikata, gwargwadon saninsa. Barth ya san wa yake yi wa aiki, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ya rubuta faɗin ganuwa da yawan dawaki, ya nuna inda Sakkwato ke da rauni wajen Gobirawa da Kabawa, ya bayyana wa Landan cewa Binuwai ita ce ƙofar shiga tsakiyar ƙasar. Rahotonsa na cikin dalilan da suka sa aka aiko jirgin da Baikie ya jagoranta a 1854, tafiyar da ta tabbatar cewa da kwinin Bature zai iya shiga kogin ya fito da rai. Daga nan Lakwaja ta kafu a matsayin zangon Ingilishi, kuma a Lakwajar nan aka ɗaga tutar Ingila ranar 1 ga Janairu 1900. Barth baƙo ne mai gaskiya da ya kai labarin gidan mai masaukinsa ga mutanen da daga baya suka zo suka fasa gidan. Ba ɓarawo ba ne, amma ba zan ce hannunsa bai taɓa komai ba.

Daga 1880 abin ya sauya launi, kuma a nan ɗalibanka masu cewa 'yan leƙen asiri ne suka fi gaskiya. Gustav Nachtigal likita ne, ya kawo wa Shehu Umar kyautar Sarkin Furusiya a 1870, ya yi shekaru yana cin arzikin Barno da Wadai, rubutunsa cike da tausayi da ƙyamar bauta. Shi ɗin nan ne a Yulin 1884 ya kafa tutar Jamus a Togo da Kamaru. Mutum ɗaya, riga biyu. Joseph Thomson kuwa ya yi suna a gabashin Afirka a matsayin matafiyin da ba ya zubar da jini. A 1885 kamfanin George Goldie ya aiko shi Sakkwato da Gwandu, ya koma da takardun da Turancinsu ke cewa Sarkin Musulmi Umaru ya miƙa wa kamfanin haƙƙinsa a kan gaɓoɓin Kwara da Binuwai, a musayar buhunan wuri duk shekara. Sakkwato ta fahimci abin a matsayin izinin ciniki da gaisuwar da baƙon ɗan kasuwa kan biya. Bajamushe Paul Staudinger, da ya iso bayan 'yan watanni, an tabbatar masa ba a sayar da ƙasa ba. Amma takardar ta riga ta tafi. Da ita da ire-irenta kamfanin ya sami izinin mulki daga gwamnatin Ingila a 1886. Da ita aka kafa hujja a 1890, lokacin da Ingila da Faransa suka ja layi daga Sayi zuwa Baruwa a bakin Cadi, suka ce duk abin da ke na daular Sakkwato ya faɗa rabon kamfani. Firayim Ministan Ingila na lokacin, Salisbury, ya faɗa a bainar jama'a cewa suna ta rabon duwatsu da koguna da tafkuna ba tare da sun san inda suke ba. Faransa ta aiko Monteil ya bi layin ya duba, ya sauka Sakkwato da Kano a 1891, ya tarar babu wani mulkin kamfani a can. An sake jan layin a 1898 da 1904 da 1906, kuma shi ne yau ya raba Katsina da Maraɗi, ya raba Daura da Magarya, ya sa ɗan'uwa yana nuna takarda kafin ya je jana'izar ɗan'uwansa. A ma'aunina, Thomson mai taushin hannu ya fi Barth nauyin laifi nesa ba kusa ba, don shi ya karɓi gaisuwar mai masauki ya mayar da ita takardar sayar da gida.

Hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine ba sa bukatar dogon nazari. Sun fito a 1899 da sunan isa tafkin Cadi, suka bi ƙauyuka da wuta da yanka, daga Sansane Hausa a bakin kogi, zuwa Lugu inda Sarauniya Mangu ta tare su, zuwa Birnin Ƙonni. Da labari ya kai Faris aka aiko Kanar Klobb ya tsayar da su, Voulet ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli kusa da Tasawa, su ma sojojinsu baƙaƙen fata suka kashe su cikin kwana uku. Faransa ta ce zafin rana ne ya taɓa musu ƙwaƙwalwa. Amma ragowar rundunar ta wuce ta ci Damagaram a ƙarshen watan, aka kashe Sarki Ahmadu Kuran Daga, kuma Faransa ta riƙe duk ƙasar da aka ci ta wannan hanya. Wanda ya la'anci ɓarawo ya ajiye kayan sata, shi ma yana cikin shari'ar.

Akwai abin da ba na so ka ɓoye wa yaran, ko da zai yi musu ɗaci. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Harin Musgu ba Bature ya kai shi ba. Barth ya ƙiyasta bayin da ake fitarwa daga kasuwar Kano da kusan dubu 5 a shekara, ban da waɗanda ake riƙewa a gidaje da rinji. Jikokin waɗanda aka kama suna nan cikinmu, wataƙila a ajinka, kuma a wajensu dokar da ta ce duk yaron da aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, ba bawa ba, ba ƙaramin abu ba ce. Sojan da suka fasa ganuwar Kano a Fabrairun 1903 yawancinsu baƙaƙe ne, da Hausawa da yawa a ciki. Faɗin wannan bai wanke Turawa ba. Sun yi amfani da hana bauta a matsayin tutar yaƙi, amma a Arewacin Nijeriya ba su soke ta gaba ɗaya a doka ba sai 1936, don ba sa son ɓata tsarin da ke tara musu haraji. Sun kawo nasu aikin dole, na layin dogo da na ɗiban gwamna zuwa haƙar kuza a Jos lokacin yaƙin duniya na biyu, Faransa kuma ba ta soke nata ba sai 1946. A 1906 Ingilishi suka shafe ƙauyen Satiru na kusa da Sakkwato daga doron ƙasa. Yaro yana iya riƙe gaskiyar biyu a kansa, ba sai an zaɓa masa ɗaya ba.

A aji, ni da zan ba ka shawara, kada ka sa su kaɗa ƙuri'a a kan "Turawa". Ba kowane rukuni mutum ɗaya, su binciko wa ya aiko shi, wa ya sauke shi, me ya faɗa wa mai masaukin, me ya rubuta wa gida, me mutanen zamaninsa suka ce a kansa. Za su ga da kansu cewa Park na 1796 da Park na 1805 ba hukuncinsu ɗaya ba.

Sannan ka ƙara musu sunayen da littafin makaranta ya tsallake. Muhammadu Algatruni, mutumin Fezzan, shi ya ratsa hamada da Barth, daga baya ya yi wa Rohlfs da Nachtigal jagora, wato manyan matafiyan Jamus uku a bayan raƙuminsa suka bi. Amadi Fatuma, tafintan Park da ya rabu da shi a Yawuri, ta bakinsa duniya ta san yadda tafiyar ta ƙare. Sai Dorugu, yaro Bahaushe daga wajen Kance a ƙasar Damagaram, da aka kama aka sayar har ya faɗa Kukawa, Overweg ya fanshe shi tare da Abbega ɗan Margi. Su biyun sun bi Barth har Tambutu, suka bi shi Landan da Jamus a 1855. A Ingila Dorugu ya zauna da wani malamin mishan, Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa da Hausa, har da yadda ya ga Turawa a garuruwansu, yadda suke cin abinci da yadda suke zama da matansu, aka buga a 1885. Shi ma matafiyi ne mai bincike, ya auna Turai da idon Bahaushe. Abbega ya zama sarkin Lakwaja. Dorugu ya dawo gida, a ƙarshen rayuwarsa ya koyar da boko a makarantar Ɗan Hausa, wato Bature Hanns Vischer, da ke Nasarawa a Kano, a can ya rasu a 1912.